PSA ɗina ya kai 6.4, mahaifina ma da robar fitsari ya rasu: in yarda a ɗebi nama?

Tambaya: Likita, shekarata 52. Mahaifina ya daɗe da robar fitsari da ciwon baya kafin ya rasu, har yau ba mu san sunan ciwon ba. Kwanan nan na yi gwajin jini na PSA ya nuna 6.4, aka ce sai an ɗebi nama daga furostet ɗina. Wani abokina ya ce Turawa ma sun dawo daga rakiyar gwajin, kuma da zarar allura ta taɓa sankara sai ta bazu. Babban tsorona kada a yi min aikin da zai raba ni da iyali, don ina da ƙananan yara kuma ban gama haihuwa ba. Me binciken yanzu yake cewa?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa jinyar ta zama kaffara. Zan fara da abin da zai bar ka ka yi barci yau. A cikin maza huɗu da PSA ɗinsu yake tsakanin 4 da 10, kusan uku in an ɗebi naman ba a samun sankara. Amma ba zan ce ka ninke takardar ka jefa a aljihu ba. Shekarunka, da labarin mahaifinka, da kasancewarka baƙar fata, su ukun sun sa 6.4 ɗinka ya fi na wani nauyi.

Mu gyara suna tukuna. A rediyo za ka ji ana cewa "sankarar mafitsara", alhali mafitsara daban, furostet daban. Mafitsara ita ce jakar da fitsari yake taruwa. Furostet kuwa wani ɗan ƙullutu ne kamar ƙwayar goro, yana zaune a ƙarƙashinta, ya zagaye bututun fitsari kamar zobe a yatsa, aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Bambancin yana da amfani a wurinmu, domin mafitsarar ma tana da tata sankarar, wadda a garuruwan bakin rafi da madatsun ruwa tsargiya takan share wa hanya. Wanda ya yi fitsarin jini yana yaro, ya sake ganin jini da girma, bincikensa daban ne.

Abin da ya fi damun dattawanmu shi ne kumburin tsufa. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da shi, a shekara 80 kuwa mafi yawa. Shi ne mai sa mutum ya tashi sau uku sau huɗu cikin dare, ya tsuguna yana jiran fitsari ya ga dama, ya gama tsarki ya miƙe sai ɗigo ya ɓata masa wando da alwala. Wannan kumburin ba sankara ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama ita, ko da yake mutum ɗaya yana iya haɗa biyun. Shi ne ya kai Sarki Charles na Ingila asibiti a Janairun 2024. Ita sankarar takan fara ne daga gefen furostet, nesa da bututun, shi ya sa tana iya shekaru ba ta taɓa fitsari ba. Ana cewa jiki magayi, amma a wannan ciwon jiki ba ya yin magana da wuri. Dalilin da ya sa aka koma ga jini ke nan.

PSA wani sinadari ne da furostet yake yi don ya tsinka maniyyi, kaɗan daga ciki yana zirarewa cikin jini. Duk abin da ya takura wa furostet yana ɗaga shi: kumburin tsufa, ƙwayoyin cuta a fitsari, saka roba, saduwa da iyali kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji, har da doguwar tafiya a kan keke. Wasu magunguna kuma danne shi suke yi. Finasteride, wanda ake ba masu kumburi da masu sanƙo, yana rage lambar da kusan rabi, ta yadda 3 a jikin mai shan sa daidai yake da 6. Saboda haka ba na yanke shawara a kan gwaji ɗaya. A duba fitsarinka. In akwai ƙwayoyin cuta a yi magani, a jira kamar mako shida, sannan a maimaita PSA a ɗakin gwajin da aka yi na farko. Mutane da dama lambarsu takan sauko da kanta a gwaji na biyu.

Abokinka ya tsinci rabin gaskiya. A shekarun 1990 Amurka ta rungumi PSA hannu bibbiyu. Kowa a gwada shi, wanda lambarsa ta wuce 4 a ɗebi nama, wanda aka samu ko da ɗigon sankara ne a kai shi tiyata. Daga baya aka gane ɓarnar da aka yi. Binciken gawarwakin tsofaffin da wani abu daban ya kashe ya nuna da yawansu suna ɗauke da 'yar ƙaramar sankara a furostet wadda ba ta taɓa damunsu ba. Wato an yanke dubban maza, an bar su da yoyon fitsari da mutuwar gaba, a kan ciwon da da an ƙyale shi ba zai kashe su ba. A 2012 kwamitin da yake ba Amurka shawara kan rigakafi ya ce a daina gwada maza masu lafiya. Wannan labarin ne ya iso kunnen abokinka. Abin da bai ji ba shi ne a 2018 kwamitin ya sassauta, ya ce mai shekara 55 zuwa 69 ya zauna da likitansa su yanke tare.

Abin da ya jawo sassaucin har da wani babban bincike na ƙasashen Turai da ake kira ERSPC, wanda aka fara a farkon shekarun 1990 da maza sama da 160,000. Bayan shekara 16 ana bin su, waɗanda ake kira gwaji a kai a kai mutuwarsu ta wannan sankarar ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Sai dai ka ji farashin: sai an gayyaci maza 570, an gano ciwon a jikin 18, kafin a ceci rai ɗaya. A Birtaniya kuma an gwada kiran mutum sau ɗaya tak, a cikin maza sama da 400,000. Sakamakon da ya fito a 2024, bayan shekara 15, ya nuna kusan 7 cikin 1,000 sun mutu a ɓangaren da aka gayyata, kusan 8 a ɓangaren da ba a gayyata ba. Amfani akwai, amma gwaji ɗaya a rayuwa ba ya yin wani abin a zo a gani. Bibiya ce take aiki.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu kwaso waɗannan alƙaluma su ɗora mana kai tsaye. Kusan duk mutanen da aka yi binciken a kansu fararen fata ne, 'yan Holan da Suwidin da Finlan da Ingila, ƙasashen da matsalarsu ita ce gano ciwo da wuri fiye da kima. Tamu matsalar kishiyar wannan ce. Mafi yawan waɗanda nake gani sun shekara biyu ana ce musu basir ne, ko sanyi ne, ko sammu, sai fitsari ya tsaya cak ko ƙafa ta mutu sannan a kawo su a kwance, PSA ɗinsu ya haura ɗari, wani lokaci dubu. Wannan ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya. A Birtaniya, inda kowa tsarin asibiti iri ɗaya yake bi, an ƙiyasta baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a ɗaya ne cikin takwas. A Amurka baƙar fata ya ninka farar fata yiwuwar mutuwa da ita.

Wani ɓangare na wannan talauci ne da rashin kulawa, wani ɓangaren kuma a jini yake. Tun 2006 masu binciken ƙwayoyin gado suka gano wani gurbi da ake kira 8q24, wanda wasu sauye-sauyen da ke cikinsa sun fi yawa a jikin masu asalin Afirka. Abin da ya faranta min rai shi ne yanzu an fara yin binciken a gida. Wata haɗakar masana mai suna MADCaP, wadda asibitocin koyarwa na Najeriya da Gana da Senegal da Afirka ta Kudu suke ciki, ta fitar da nazari a 2024 a kan maza kusan 7,500 'yan Afirka, ta nuna cewa hatta tsakanin yammaci da gabashi da kudancin nahiyar haɗarin ba iri ɗaya ba ne. Saboda ƙarin haɗarin da ke kan masu asalin Afirka ne ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce baƙar fata, da wanda ciwon yake danginsa, ya fara gwaji tun yana 40 zuwa 45. Birtaniya ma ta ƙaddamar da sabon bincike mai suna TRANSFORM, inda ake gayyatar baƙar fata daga shekara 45, sauran daga 50. Kwamitin masana na mujallar Lancet kuma ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a shekara a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe irin namu ne za su fi ɗaukar nauyin.

Kada a fahimce ni baibai. Ba na goyon bayan irin gangamin da ake kafa rumfa a jera dattawa 'yan shekara 80 a ɗebi jininsu, a miƙa musu takarda da jan biro, a naɗe rumfa a tafi. Wannan raba tsoro ne kawai. Gwajin yana da ma'ana ne ga mai sauran shekaru goma ko sha biyar a gaba bisa ga lafiyarsa, kuma idan akwai likitan da zai bi sakamakon. Kai kana cikin waɗannan.

Babban sauyin da aka samu a shekaru goman nan shi ne hoton MRI kafin allura. Da, likita yakan soka allura wuri goma sha biyu a makance, ya dace ko ya kuskure. Binciken PROMIS a 2017 da PRECISION a 2018 sun nuna cewa in aka fara ɗaukar hoto, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na maza ba sa buƙatar allurar sam. A PRECISION an gano sankara mai haɗari a kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoto, kashi 26 a waɗanda aka bi tsohuwar hanya, kuma an rage tono ƙananan da ba su da illa. Mai karanta hoton yakan ba da maki daga 1 zuwa 5. Maki 1 da 2 yawanci a ci gaba da sa ido, 4 da 5 a ɗebi nama daga daidai wurin da aka gani. Gargaɗina a nan: ba kowace na'urar MRI ce take wannan aikin ba, kuma ba kowane mai karanta hoto ne ya saba da furostet ba. Hoto maras kyau da aka ce "babu komai" ya fi rashin hoto haɗari. Ka bar likitan mafitsara ya zaɓa maka inda za ka je. In babu hali, ba a tsaya ba. Ana auna girman furostet da na'urar duban ciki a raba PSA da shi, domin 6.4 a babban furostet bai kai 6.4 a ƙarami tayar da hankali ba. Sannan akwai gwajin yatsa ta dubura, wanda na san maza da yawa sun gwammace a yi musu allura goma da a yi musu shi. Bai kai minti ɗaya ba, kuma yakan gaya mana abin da jini bai faɗa ba.

Batun allura tana baza sankara kuwa, na san inda ya samo asali. Mutum ya zo ciwo ya riga ya shiga ƙashi, a ɗebi nama, bayan wata biyar ya rasu, sai dangi su ce allurar ce. Allurar tarar da ciwon ta yi a bazu. An yi wa miliyoyin maza wannan gwajin ana bin bayansu, bin sawun allura da sankara take yi abu ne da da ƙyar ake gani. Haɗarin gaske shi ne jini da shigar ƙwayoyin cuta. Za ka ga jini a fitsari na 'yan kwanaki, a maniyyi kuma har makonni, don haka ka sanar da uwargida tun kafin ta tsorata. Zazzaɓi da rawar sanyi bayan gwajin kuwa ba na jira gari ya waye ba ne, a koma asibiti a ranar. Sabuwar hanyar da ake bi ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, maimakon ta cikin dubura, ta rage wannan haɗarin sosai. Ka tambaya ko ana yin ta a inda za ka je.

To, a ce an samu. A nan ne tsoronka yake, kuma a nan ne bincike ya fi kawo sauƙi. Mai duba naman yakan ba shi makin Gleason. Maki 6 shi ne mafi laushi, kusan ba ya bazuwa. Maki 7 tsaka-tsaki ne, yana da mai sauƙi da mai nauyi. Daga 8 zuwa 10 shi ne mai zafi, irin wanda aka samu a jikin tsohon shugaban Amurka Joe Biden a Mayun 2025, maki 9, ya riga ya kai ƙashi. Kalmar "sankara" ɗaya ce, amma tsakanin 6 da 9 akwai tafiyar kwana da kwanaki.

A Birtaniya an ɗauki maza 1,643 masu sankarar da ba ta fita daga furostet ba, aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a: tiyata, gashi da na'ura, da sa ido kawai. Sunan binciken ProtecT. A 2023, bayan shekara 15, kusan 97 cikin ɗari ba su mutu da ciwon ba, kuma babu wani bambancin kirki tsakanin rukunan uku. Inda aka bambanta shi ne bazuwa: kusan kashi 9 a masu sa ido, kusan kashi 5 a sauran biyun. Ga kuma abin da ka tambaya. Kafin a fara, kashi 67 cikin ɗari na mazan suna da ƙarfin saduwa. Bayan wata shida, kashi 12 ne suka rage a masu tiyata, 22 a masu gashi, 52 a masu sa ido. Wasu sun farfaɗo daga baya, amma ba duka ba. Kusan rabin masu tiyata suna sa ƙunzugu saboda yoyon fitsari a wata shidan farko, bayan shekara shida ya sauko ƙasa da ɗaya cikin biyar. Ba zan ɓoye maka wannan ba, kuma duk likitan da ya ce maka aikin ba ya taɓa mazakuta bai gaya maka gaskiya ba.

Darasin da muka ɗauka shi ne babu gaggawa. Mai maki 6 yanzu shawarar farko a gare shi ita ce sa ido: PSA duk bayan 'yan watanni, hoto da maimaita nama lokaci-lokaci, a shiga tsakani sai in ciwon ya canja hali. Sai dai ina ƙara gishirina a kai. Mazan ProtecT kusan duk Turawa ne, kuma suna da asibitin da yake kiran su in sun makara. Sa ido yana aiki ne ga mutumin da zai dawo. Wanda zai ji "ba sai an yi aiki ba" ya ɓace shekara huɗu, wannan ba sa ido yake ba, sakaci yake. Mai maki 7 mai nauyi ko sama da haka, a shekarunka, ni magani nake ba shi shawara, domin yana da shekaru masu yawa da ciwon zai samu ya yi aiki.

Tunda ka ce ba ka gama haihuwa ba, ka riƙe wannan. Bayan cire furostet maniyyi ba ya fita ko da ƙarfi ya dawo, don haka haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. Gashi ma yana taɓa ta. Ana iya adana maniyyi a cibiyoyin taimakon haihuwa kafin a fara magani, amma sai ka ɗaga maganar da kanka tun farko. Ko maganin kumburin tsufa irin tamsulosin yakan rage fitar maniyyi, sai dai wannan yana dawowa in an daina sha.

Game da mahaifinka, ba zan iya rantsuwa ba, amma roba da ciwon baya a jikin dattijo hoto ne da na sani sarai. Ko a wannan matakin yanzu ba a naɗe hannu. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa wannan sankarar da sinadarin mazakuta take rayuwa, in an yanke mata shi sai ta lafa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Ana yin haka da allura duk wata ko duk wata uku, ko da ƙaramin aiki a 'ya'yan maraina, wanda a nan mutane da yawa suke zaɓa saboda sau ɗaya ne kuma ya fi araha. Binciken STAMPEDE ya nuna cewa ƙara maganin docetaxel ko na abiraterone tun farko yana ƙara tsawon rai, kuma abiraterone ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019. Ka binciki danginku kuma. In akwai mata da suka yi sankarar mama ko ta ƙwan haihuwa da ƙuruciya, ka faɗa wa likita, domin ƙwayar gado ta BRCA2 takan haɗa su da ta furostet a gida ɗaya. 'Yan'uwanka maza da suka haura 45 su ma su je.

Za a kawo maka magunguna, na sani. An gwada bitamin E da selenium a kan maza 35,000 a binciken SELECT, sai ga shi bitamin E ƙara haɗarin ya yi da kashi 17 cikin ɗari. Saw palmetto, wanda yake cikin yawancin kwalaben "maganin furostet" da ake tallatawa a Facebook, an gwada shi a manyan bincike biyu a 2006 da 2011, bai fi ƙwayar banza ba. Akwai kuma labarin da maza suke so, na wani nazari a Amurka da ya ga masu fitar da maniyyi sau 21 ko fiye a wata sun ɗan fi masu sau 4 zuwa 7 tsira. An dai lura da hakan ne, ba a tabbatar shi ne dalili ba, kuma na ga ciwon a jikin masu mata huɗu. Abin da nake tsoro ya fi waɗannan shi ne haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi. An sha kai irinsu ɗakin gwaji a sami sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye a ciki, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini har lahira. Allurar testosterone, wato sinadarin mazakuta, kuma tana tsayar da ƙwayoyin haihuwa, kuma ba a fara ta da PSA irin naka ba tare da an gama bincike ba.

Saboda haka a wannan makon ka kai fitsari a duba. Ka ƙaurace wa iyali da keke kwana biyu kafin ranar maimaita PSA. In ya sake fitowa sama da 4, ka nemi ganin likitan mafitsara a asibitin koyarwa ko na ƙwararru mafi kusa da kai, ka tambaye shi batun MRI kafin allura. Ka tafi da takardun gwajin biyu, da kwalayen duk abin da kake sha, har da na gargajiya da wanda ake zubawa a shayi.